Dakon Geron Goggo Dije

Talata, 18 ga Yuli, 1989

Mun dawo daga Kano da la'asar, ni da Yaya Shitu. An yi min allurar wata. Inda aka soke ni har yanzu yana zogi.

Malam Surajo, nas ɗin da ke duba ni, ya ɗora ni a sikeli ya girgiza kai. Ya ce gaskiya ne maganin yana sa ƙiba da nauyin jiki, amma kwanciyar da nake yi wuni guda ta fi maganin laifi. Wai in riƙa tafiya kullum, ko kaɗan ce, har in ga gumi. Ya kuma ce tunda malama ce ni in koma rubutu, ko rawar hannun nan ta ragu. Shi ne na ɗauko wannan littafin, ragowar na 'yan ajina. Malama. Rabon da a kira ni haka tun ina koyarwa a Riruwai.

Yaya bai ce komai a gaban nas ba. Sai da motar ta wuce Kwanar Ɗangora ya juyo ya ce, "Baturiya, zancen fita ki bar shi. Tsakar gida ta ishe ki."

Ban ga laifinsa ba. Shi ya tsinto ni bara a hanyar Doguwa, ranar da na bar yara a aji na kama tafiya ina magana ni kaɗai. Ni ban ma tuna ba, labari aka ba ni. Ciwon ya fara ne tun haihuwar tagwaye, da Husaini ya rasu. Wani lokaci ya hana ni barci ya cika min baki da surutu, wani lokaci ya danne ni kamar an ɗora min buhu. Mijina Zailani ya yi haƙurin da zai iya, sannan ya ba ni takardata. Hasana tana Kiru wurin mahaifiyarsa.

Ina gidan Yaya a Tudun Wada. Ina da ɗaki, ina da tuwo, ba wanda ya taɓa ɗaure ni. Alhamdu lillahi.

Juma'a, 21 ga Yuli

Ban tashi ba sai don salla.

Litinin, 24 ga Yuli

Na gwada zagaya tsakar gida. Daga rijiya zuwa rumbu, daga rumbu zuwa madafi. Kaji suna watsewa, Hajara matar Yaya ta sunkuyar da kai kan tankaɗe kamar ba ta gani ba. Kirki ne ya sa ta yi haka, amma ni na ji kunya. Mace da girmanta tana kewaya rumbu ba aikin komai. Idan wani ya leƙo me zai ce?

Na koma ɗaki. Ƙafafuna kamar ba nawa ba, bakina a bushe.

Asabar, 29 ga Yuli

Goggo Dije mai nono ta zo. Daga rugarsu take zuwa gari kullum, can bayan rafi, kuma ta san mahaifiyarmu tun kafin a haife ni. Idan ta gama sayar da nono takan biyo nan Hajara ta auna mata geron fura, tunda Yaya awon hatsi yake yi. Yau ta zauna tana ta ƙorafin wuyanta, wai ƙwarya da gero sun fi ƙarfinta yanzu. Sai ta hango ni ta labule.

"Ga ƙatuwa a kwance, ni tsohuwa ina dako? Taso ki kai min bakin tsamiya."

Hajara ta yi mata raɗa, na san abin da take gaya mata. Goggo ta ce ta sani, duk garin an sani, to sai me, ciwon a wuya yake? Na yi dariya. Ni kaina na ji sautin baƙo a kunnena.

Ta jira Yaya ya dawo ta tare shi a zaure. Ban ji duka ba. Na dai ji yana cewa bakin tsamiya kawai, kuma kada ta bari in ɓace mata da gani.

Laraba, 2 ga Agusta

Na fita.

Kwanon gero a kaina, Goggo a gaba da ƙoranta. Tun daga ƙofar gida nake jiran wani ya nuna ni. Ba wanda ya nuna. Mai kayan miya na kan kwana ya ce sannu da aiki, shi ke nan. Ashe idan da kaya a kanka ba a tambayar ina za ka.

Kafin mu kai tsamiya numfashina ya ƙare. Tsamiyar da muke zuwa da gudu muna yara! Na zauna a saiwarta ina haki, gumi har cikin ido. Goggo ba ta ce sannu ba, ta ɗebo min ragowar nono a ludayi ta tsaya tana kallon hadari. Da na huce ta rako ni har inda ake hango rufin gidanmu, sannan ta haɗa kayan duka ta ɗora ta juya. Watau ta yi hanyar sau biyu saboda ni, da wuyan nata mai ciwo. Allah ya saka mata.

Alhamis, 3 ga Agusta

Cinyoyina kamar an yi min duka. Amma na yi barci irin na mutane.

Lahadi, 13 ga Agusta

Yau ban so zuwa ba. Abin ya tashi da ni tun asuba, nauyin nan a ƙirji, da muryar da ke cewa me amfanin. Ba murya ta gaske ba, ba irin ta bara ba. Tunani ne kawai, amma mai naci. Na ce wa Hajara ta ce ba ni da lafiya.

Goggo ta shigo har ɗaki ta zauna a bakin ƙofa, ta ciro goro tana ci. Ba ta lallashe ni ba, ba ta yi faɗa ba. Ta dai ce ita ba ta da sauri, shanu na da masu kiwo. Tana ta ba Hajara labarin wata saniyarsu mai ƙin tatsa. Na ga alamar idan ban tashi ba a nan za ta yi magariba, kuma rafi na iya cikowa. Don haushi na tashi. Ta ce, "Ndillen," wato mu tafi, kamar ba abin da ya faru.

Har tsamiya ban yi mata magana ba. A dawowa ne na lura dawar gonar bakin hanya ta fi ni tsayi. Yaushe ta yi haka?

Talata, 22 ga Agusta

Sai na rubuta wannan.

Goggo ta yi latti yau. Ni kuma na tashi da wani abu da na daɗe ban ji ba: ina son fita. Ni da kaina. Na yafa mayafi na ce bari in tare ta a hanya. Hajara na banɗaki, ban tsaya faɗa mata ba. Ban ɗauki komai ba.

Ban kai tsamiya ba na ji keke a bayana. Yaya ne, da wani maƙwabcinsa na kasuwa yana biye da gudu. Wani ya gan ni ya je ya ce masa ƙanwarka ta sake kama hanya. Fuskarsa, ban taɓa ganinta haka ba. Ya ce, "Hau." A kariyar keken akwai igiyar da yake ɗaure buhu da ita. Kullum tana nan, na sani. Amma yau ita kaɗai nake gani.

Na hau. Mutane sun fito ƙofar gidajensu.

A gida ya zauna ya dafe kai. Na ji yana ce wa Hajara shi ya gaji da fargaba, an ba shi labarin wani malami a wani ƙauye gaba da Ɗansoshiya da ke ajiye masu irin wannan larura har su warke, gara ya kai ni can ya san inda nake. Na san irin wuraren. Na san mari suke sa wa mutane a ƙafa.

Ban yi kuka ba. Na rasa ma ta inda zan fara.

Laraba, 23 ga Agusta

Hajara ta kawo min kunu ta zauna har na shanye. Ta ce ta gaya masa muddin tana gidan ba mai fita da ni. Yarinyar da na girme ta. Na riƙe hannunta kawai.

Asabar, 26 ga Agusta

Goggo ta ji labari ta zo, aka zauna a zaure, har da ni. Ta yi wa Yaya magana mai tsawo, rabi faɗa rabi tsokana, har da tuna masa ita ta goya shi ranar da mahaifiyarmu ta yi zazzaɓi. Yana ta cewa haka ne Goggo, amma ba ta ga abin da ya gani bara ba.

Sai na ji bakina ya buɗe. Na ce, "Yaya, da ka same ni a hanya, me ya sa ba ka tambaye ni ina za ni ba? Da na gaya maka."

Ya daɗe yana kallon tabarma. Da ya ɗago idonsa ya yi ja. Ya ce bara ya tambaya, ban san shi ba, na kira shi da sunan wani. Tun ranar yake tsoron tambayata.

Ban taɓa tunanin shi ma ciwon nan ya ji masa rauni ba.

Ba a yanke komai ba. Amma ba a sake zancen ƙauyen ba.

Litinin, 4 ga Satumba

Yau na kai ruga!

Yaya ne ya ce zai bi mu ya gani da idonsa. Ya bar wa maƙwabcinsa rumfa ya turo kekensa a bayanmu. Muka wuce tsamiya, na ce ban gaji ba. Muka bi ta tsakanin gonaki, ƙasa a jiƙe, ƙamshin gero ya fara nuna. A rafi ruwa ya kai gwiwa, sanyinsa ya hau min har kai. Yaya ya saɓa keke a kafaɗa ya zame, saura kaɗan ya zauna a ciki. Goggo ta yi ta dariya tana cewa ashe mara lafiyar a baya yake.

Baffa Buba, mijin Goggo, ya shimfiɗa mana buzu a inuwa. Aka kawo kindirmo mai sanyi da fura. Ban san rabon da in ji ɗanɗanon abinci haka ba. Tun da na fara maganin nan komai kamar dusa yake a bakina, ci kawai nake yi. Na sha har na ji kunya. Baffa bai tambaye ni jiki ba, ya tambaye ni ko gaskiya ne a Riruwai ana shiga ƙarƙashin dutse a haƙo kuza, na yi ta ba shi labari.

A dawowa Yaya ya ce in hau keke, na ƙi. Muka taka tare. Ya ce to ga sharaɗi: duk inda za ni in gaya wa Hajara kafin in fita, kuma duk ranar da barci ya fara guduna in gaya masa da bakina, kada in ɓoye. Na ce na yarda. Ni ma na ce idan wani ya sake kai masa labari, ya zo shi kaɗai, ya fara da tambaya. Ya ce ya ji.

Ƙafafuna sun kumbura. Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi.

Alhamis, 21 ga Satumba

Kusan kullum yanzu. Wata rana ruga, wata rana rafi, ranar da jiki ya ƙi, tsamiya. Goggo ta ce wuyanta ya yi sauƙi amma ba ta karɓi kwanon ba, ni ma ban miƙa ba.

Zanina ya fara yi min yawa a ƙugu. Rawar hannu tana nan. Safiya har yanzu ita ce abokiyar gabata, sai na yi ta ja da kaina kafin in sauko daga gado. Abin da na lura, idan na dawo daga tafiya kaina yakan yi shiru, kamar aji bayan an tashi yara. Ba ya daɗewa. Zuwa magariba tunanin ya dawo. Amma da ko wannan ɗan shirun babu.

An fara yankan gero. Wata mata a gona ta ɗago ta ce, "Malama, a gaida Fulani." Ban san ta ba. Na amsa har sau biyu.

Talata, 17 ga Oktoba

Kano, allura. Malam Surajo ya ji daɗin sikeli, ya ce wa Yaya ya ga abin da yake faɗa. Na samu ƙarfin hali na tambaye shi, tunda ga tafiya ina yi, yaushe za a daina allurar. Ya ajiye biro. Ya ce ba zai yi min ƙarya ba, tafiya ba ta maye gurbin magani, kuma mai yiwuwa in daɗe a kansa, shekaru. Ya ce ciwon yakan yi sauƙi, yakan kuma waiwayo, abin da ake so shi ne idan ya waiwayo ya same ni a tsaye.

A raina na ɗauka idan na yi ƙoƙari sosai za a ce min shi ke nan, kin gama. Ashe ba jarrabawa ba ce.

Duk da haka gara da ya faɗa min gaskiya.

Asabar, 11 ga Nuwamba

An kawo Hasana. Iya, mahaifiyar Zailani, ta zo suna a unguwar gaba ta biyo da ita. Allah ya saka wa Iya, ba dole aka yi mata ba.

Ta girma. An yi mata kitso ƙanana, ga haƙoranta irin na babanta. Na durƙusa na miƙa mata hannu, sai ta tsaya tana kallon yadda yake rawa. Ta koma bayan zanin Iya. Aka ce je ki mana, mamarki ce, ta ƙara ƙanƙame zanin. Alewar da na saya mata, sai da Hajara ta karɓa ta miƙa mata sannan ta amsa.

Ba su daɗe ba. Iya ta ce yarinta ce, in yi haƙuri. Na ce ba komai. Na raka su ƙofa ina murmushi har suka sha kwana.

Lahadi, 12 ga Nuwamba

Goggo ta zo ta zauna. Yau ko zaman nata bai tashe ni ba.

Litinin, 4 ga Disamba

Na koma fita, amma da ƙyar, kamar ana jana. Yau kuma Goggo ta ce gobe za ta Doguwa, 'yarta ta haihu, sai an yi arba'in za ta dawo. Na ce Allah ya raya. A raina na ji kamar an zare min ƙasa. Ta kalle ni ta ce hanya dai ba za ta bi ta Doguwa ba, tana nan inda take. Na ce to.

Laraba, 13 ga Disamba

Ciwon ya dawo. Ba na surutun ba, na dannewar.

Ba baƙin ciki ba ne, da baƙin ciki ne da na yi kuka na huta. Babu komai ne. Ina kallon bango, bango na kallona. Wanka ya zama aiki, tauna ta zama aiki. Na gaya wa Yaya kamar yadda muka yi alkawari, duk da barci bai gudu ba, yawa ma ya yi. Ya ce mu koma Kano kafin ranar allura, muka je, aka ƙara min wata ƙwaya.

Duk wahalar da na sha a hanyar ruga, ga ni inda na fara. Abin da tunanin ke ce min ke nan. Na rubuta don in gan shi a takarda, ko zai rage girma.

Hajara tana ajiye min ruwan zafi a bakin ƙofa kullum, ko na yi wankan ko ban yi ba.

Asabar, 23 ga Disamba

Da hantsi na ji sallamar Yaya a ƙofar ɗakina. Bai tafi kasuwa ba. Ya tsaya yana gyaran murya, sannan ya ce, "Baturiya, rana ta yi. Ba za ki ɗan taka ba?"

Shi. Mutumin da ya ce tsakar gida ta ishe ni.

Na ce ba Goggo, ba abin da zan kai wa kowa, mutane za su yi magana. Ya ce su yi, duk wanda ya kawo masa labari zai ce masa shi ya aike ni. Ya ce ko ya raka ni? Na ce a'a. Ban san me ya sa na ce a'a ba.

Na fita hannu rabbana. Tun daga kan kwana hawaye suka fara, na bar su, na ja mayafi. Na kai tsamiya na taɓa ta na juyo. Da na shigo yana zaune a zaure yana gyaran sarƙar keken da ba abin da ya same ta. Ya ce sannu da dawowa, na ce yawwa. Sannan ya tafi kasuwa.

Allah, ka ga Yaya Shitu. Ka ga Hajara. Ni ba ni da abin biyansu.

Juma'a, 5 ga Janairu, 1990

Na samo dabara. Ba na ce wa kaina zan yi tafiya, don idan na ce haka sai jikin ya ƙi. Cewa nake yi zan sa mayafi kawai. Idan na sa, sai in ce zan leƙa ƙofa kawai. Daga ƙofa, kan kwana. Yaudarar kaina nake yi kamar yadda nake yi wa 'yan aji ɗaya a da, kuma abin mamaki yana ci. Wata rana dai ba ya ci, in cire mayafin in kwanta. Na daina zagin kaina a kan waɗannan ranakun. Ina ƙoƙarin dainawa dai.

Na gano wata hanya ta fadama, inda masu lambu ke ban ruwa. Albasa, tumatir, kore shar a tsakiyar rani. Wani dattijo ya ba ni karas ya ce in kai gida. Na cinye rabi a hanya.

Talata, 23 ga Janairu

Goggo ta dawo! Baffa Buba ya faɗa wa Yaya a kasuwa cewa yau za ta fara shigowa gari, sai na gaya wa Hajara na tafi tarye. A rafi muka haɗu, ruwan ya janye saura yashi. Ta sauke ƙwarya ta kama fuskata da hannu biyu tana dubawa kamar mai sayen akuya. Ta ce na rame a ido. Na gaya mata abin da ya faru, ban rage ba. Ta ce ita ma bayan rasuwar ɗanta na fari ta yi wata da watanni ba ta san ɗanɗanon gishiri ba, tatsar shanu ce ta riƙa fitar da ita daga bukka don su ba sa jira. Ba ta taɓa gaya min ba.

Na ɗaukar mata ƙwaryar har gari. Tana baya tana mita wai na koyi saurin 'yan birni, in jira ta.

Lahadi, 11 ga Fabrairu

Jiya mun je Kiru, ni da Hajara. Ni na ce a je. Na shirya wa zuciyata ko Hasana ta sake gudu, zan gan ta dai.

Ta gudu ɗin. Na zauna a tabarma muna hira da Iya, ban bi ta ba, ban miƙa hannu ba. Can Iya ta ce za ta gidan ƙanwarta a ƙarshen gari ta kai saƙo, mu zo mu gaisa. Muka fita da Hasana tana riƙe da zanin Iya. Rana ta yi zafi, yashi ya ɗau wuta, yarinya ta fara kuka a ɗauke ta. Iya ta ce bayanta ba zai iya ba, Hajara kuma ga ciki. Sai Iya ta dube ni.

Na durƙusa na ba ta baya. Ban kalle ta ba, kada in tsorata ta. Na jira. Sai na ji hannuwa ƙanana a wuyana.

Tana da nauyi, Hasana. Na goya ta har can, na kuma goyo ta har gida, ban sauke ba, ban yi haki ba. A dawowa ta yi barci, kumatunta a kafaɗata, yawunta ya jiƙa min riga. Da a watan Yuli ne ko ƙofar gida ba zan kai da ita ba.

Da za mu tafi ba ta ce min komai ba. Ta dai tsaya a zaure tana kallo har muka yi nisa. Iya ta ce in riƙa zuwa.

Ban wanke rigar ba tukuna.

Alhamis, 15 ga Maris

Zafi ya shigo, azumi ya matso. Goggo ta ce idan an fara sai dai mu riƙa fita da sanyin safiya.

Yau na tashi da nauyin nan, sosai, irin na Disamba. Na kwanta ina jiran gardamar da muka saba yi ni da kaina. Ban san yadda aka yi ba, na dai ga ni a kan kwana mai kayan miya yana ce min an fito. Ban tuna na yanke shawara ba. Na je fadama na dawo. Nauyin bai tafi ba, tare muka je tare muka dawo. Na yi wanka, na ci ɗumame, na taya Hajara surfe tunda cikinta ya tsufa.

Ban ce na warke ba. Ban ma ce gobe zan iya ba. Kila yau ɗin ce kawai.

Takalmina ya tsinke a hanya, da ƙaya na maƙale shi na ƙaraso. Na ce wa Yaya ranar kasuwa ya duba min wani. Ya ce irin wanne? Na ce mai ƙwari, wanda zai kai ni damina.